Shekarar da Baba Ya Koma Bahago

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Nomau, na san maganar da ake yi a kaina idan na ba da baya. An ce boko ya ci mini kai, na ɗauki gawon gidanmu da ƙasar da ke gindinsa na miƙa wa gidan Agali saboda wani littafin hotuna. Na ji ta da kunnena ranar wani suna a Tibiri, mai faɗin ba ta san ina bayan darni ba. Ban ce mata komai ba, domin rabin maganarta gaskiya ne. Sauran rabin nake so in rubuta muku tun hannuna yana iya riƙe alƙalami, har da wurin da na yi laifi, wanda ba shi ne wurin da kuke zato ba.

Mahaifinmu ya rasu shekarar da na shiga babbar lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi. Bai bar hoto ko ɗaya ba, don a zamaninsa ba a ɗaukar talaka hoto sai da dalili. Yaya Nomau ya girme ni da shekara tara, shi ya karɓi gida da gona, shi ya ce kada a fid da ni daga lakol ko da za a kwana da ruwa a ciki. Duk wandon da na sa a Maraɗi daga hatsin Yaya ya fito. Ku riƙe wannan da kyau, don idan kun manta da shi ba za ku gane nauyin abin da ya biyo baya ba. Bayan 'yan shekaru sai na lura fuskar Baba tana ɓace mini. Ina tuna muryarsa, ina tuna tarinsa na asuba, amma idan na rufe ido in gan shi sai in ga hula da gemu kawai. Abin ya dame ni ƙwarai, ban kuwa gaya wa kowa ba.

A garinmu akwai labarin wani Nasara da ya taɓa tsayawa da mota a bakin burtali wata kaka, ya ɗauki Baba hoto a gona, ya wuce. Ni ina lakol lokacin, Yaya kuma ya tafi ci rani Nijeriya. Da na zama malamin lakol, ana ce mini Mushe Sani, wato Malam Sani, sai na ce a raina ai Nasara ba ya ɗaukar hoto ya zuba a rijiya, wani wuri ya kai shi. Daga nan na fara bin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a kasuwar Maraɗi, ina buɗe duk littafin da ke da hotunan ƙasarmu. Neman Baba na fita yi, sai littattafan suka kama ni. Na tara na makiyaya, na masu ginin rumbu, na kasuwanni, na mutanen kogi da ban taɓa zuwa garinsu ba. Akwatin ƙarfe na saya musu, na ɗora shi kan duwatsu huɗu saboda gara, ina zuba ganyen bedi, wato dogon yaro, a ciki. Uwarku Rabi ta sha cewa da a ce rabin kulawar nan tunkiya na ba, da yanzu muna da garke.

A hankali na koyi abin da mai littafi ɗaya ba zai taɓa sani ba: littafi yakan canza idan aka sake buga shi. Sunan yana nan, bangon ma wani lokaci yana nan, amma ka aje bugu biyu kusa da juna ka ga abin mamaki. A wani bugun fuskar baƙin mutum tana fitowa da tsagarta da zufarta, a wani kuma an cika tawada har ta koma kamar gindin tukunya. Wani bugun ya yanke gefen hoto don ya shiga shafi, ya zubar da mutum guda kamar ba a haife shi ba. Abokan aikina idan za su sayi irin littafin nan don lakol ni suke tambaya, ni kuwa ina ba da shawara da ƙafafa: wannan ku saya, wancan ku bar shi, takardarsa ba ta jure zafinmu. Ina jin daɗin a ce na sani. Wannan hali nawa ne tun ina ƙarami, kuma zai sake fitowa a gaba.

Ina aiki a Gazawa na sami Baba. Wani littafi ne mai jan bango, na tsince shi a Maraɗi lokacin hutu, tsakanin littafin lissafi da na gyaran mota. Ina juya shafi sai ga shi zaune a gindin gawo, an gama girbi, ga dammunan hatsi a gefe, ga akushi a gabansa, ya ɗaga ludayi zai kai baki, ya kalli mai ɗaukar hoton kamar zai ce masa bismilla. A ƙasan hoton an rubuta “wani manomi”. Na zauna a ƙasa cikin kasuwa na yi kuka, mai littattafai ya ɗauka kunama ce ta harbe ni. Washegari na kama motar Gidan Rumji na sauka a garinmu na kai wa Yaya. Ya wanke hannu kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo, daga baya ya rufe littafin ya miƙo mini.

“Shi na,” ya ce. “Aje shi wurinka, nan gara ta yi yawa.”

Yanzu sai in gaya muku yadda gonar take, don waɗanda aka haifa a birni. Idan ka tsaya a burtali ka fuskanci arewa, gonarmu tana hannun hagu, ta gidan Agali tana hannun dama. Agali Buzu ne, iyayensa daga arewa suka gangaro da dabbobi, kakanmu ya yarda suka zauna, suka koma noma kamar kowa. Shi da Baba aminai ne. Tsakanin gonakin biyu akwai layin gamba da aka shuka don iyaka, gawon kuma yana dab da layin. Kun san gawo: da damina ya kakkaɓe ganyensa ya bar wa hatsi rana, da rani ya zubo wa dabbobi 'ya'ya, ƙasar gindinsa kuwa ta fi ko'ina albarka. A shekarun fari gambar ta mutu, abin da ya rage aka tone aka yi zana. Baba ya rasu, Agali ya rasu, gidajen biyu suka cika da bakuna, gonaki kuwa ba sa haihuwa.

Shekarar da nake ba ku labari, ina aiki a Agiye, saƙo ya zo cewa Mamman ɗan Agali ya yi sharar gona har ya wuce gawo, Yaya ya tare shi, sun kai ga mai gari. Tsofaffin da suka san iyakar sun ƙare, sauran kowa da inda zuciyarsa ta karkata. Wasu har sun fara cewa baƙo ba ya nuna wa ɗan gari iyaka, alhali Mamman a garin aka binne cibiyarsa. Da na ji, sai na buɗe akwati na fito da mai jan bango. Ga layin gamba a fili ya wuce ta daman gawo, wato gawo yana cikin gonarmu. Kowa ya san daga burtali aka ɗauki hoton, don daga can ne kawai tudun arewa yake fitowa a bayan itacen. Ba wanda ya aike ni. Ni da kaina na je garin na shimfiɗa littafin gaban mai gari, na ce gani ya kori ji. Mai gari ya ce a dawo Juma'ar sama, kafin ruwan shuka, a yanke magana. Ya ƙara da cewa tunda takarda ba ta rantsuwa, Nomau zai dafa Alƙur'ani a kan abin da takardar ta nuna. Yaya ya ce ya yarda.

Na koma Agiye ina jin kaina kamar wanda ya biya wa ɗan'uwansa wata tsohuwar gajiya. Ran Litinin darektan lakol ɗinmu, wanda ke shirin aje aiki, yana kwashe wani tsohon kabad a buronsa, wato ofishinsa, ya kira ni.

“Mushe Sani, ga irin tarkacenka nan. Ɗauka kafin ɓeraye su gama da shi.”

Littafin nan ne dai, amma bugun farko. Bangonsa na yadi ne mai ruwan ƙasa, takardarsa mai kauri, hotunan sun fito tas har kana iya ƙirga zaren rigar mutum. Shekara da shekaru nake jin akwai shi ban taɓa gani ba. Na tsaya a nan buron na nemi shafin Baba. Na same shi. Sai dai Baba ya juya. Dammunan hatsin da na sani a dama sun koma hagu, layin gamba kuma ya wuce ta hagun gawo. A wannan bugun gawon na gidan Agali ne.

Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Hoton da, a kan wata 'yar leda mai haske yake fitowa, wadda ake iya kallo ta gaba ko ta baya. Idan mai buga littafi ya kifa ta, komai sai ya juya, dama ta koma hagu. Mutumin da ke wata ƙasa mai nisa, bai san Baba ba, bai san gamba ba, ina ruwansa da wane gefe itace yake? Ɗaya daga cikin littattafan nan biyu an kifa shi. Saura a san wanne.

Na isa gida na shimfiɗa tabarma bayan la'asar, na aje su biyu a buɗe, na shiga yi wa kaina wayo. A shafin farko na mai jan bango an rubuta cewa an sake dubawa an gyara kurakurai. To, in ji ni, ai ga amsa nan: na farko ne ya yi kuskure, na biyu ya gyara. Na maimaita wa kaina wannan magana ta fi sau goma, kuma duk lokacin da na maimaita sai in ji ta ƙara sauƙi a baki, ta ƙara nauyi a ƙirji. Rabi ta fito da tiren shinkafa tana tsinta, ta zauna a gefen tabarmar. Ba ta yi lakol ba, ba ta kuma taɓa ganin Baba da rai ba. Mai jan bangon ma sau ɗaya ta taɓa leƙa shi, don ba na barin mai hannun miya ya matso kusa. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta sa tsinke ta nuna jan.

“Malam, ashe Baba bahago ne?”

“Wane irin bahago kuma?”

“To ga shi nan yana shan hura da hagu. Ni dai ban taɓa ganin dattijo ya kai ludayi baki da hagu ba, ko da bahagon ne, ai tun yana yaro za a buge hannun. A wancan mai ruwan ƙasar kuwa da dama yake sha, kamar mutane.”

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Shekara goma sha ɗaya ina kallon hoton nan, na san yawan dammunan da ke cikinsa, na san inda hularsa ta yage, ina koya wa mutane yadda ake duba littafi, amma ban ga ubana yana ci da hannun da ba a ci da shi ba. Fuskarsa nake nema, ita kaɗai nake kallo. Baban da ya taɓa make mini hannu da muciya don na karɓi ƙosai da hagu, shi na ɗauka na kai gaban mai gari yana shan fura da hagu.

Kada in yi muku ƙarya, na yi tunanin ɓoye shi. Ba wanda ya san da mai ruwan ƙasa sai ni da Rabi da darekta, shi kuwa bai ko buɗe shi ba. In mayar da shi ƙasan akwati, in rufe, Juma'a ta zo ta wuce. Na tuna Yaya yana da baki goma sha ɗaya a gida, na tuna gindin gawon nan shi ke cika masa rumbu na biyu. Kwana biyu ina jan wannan tunani. Ran Laraba da safe Rabi ta kawo mini kunu ta tsaya a kaina.

“Ƙasa dai ko ta tahi ana iya samun wata,” ta ce. “Amma Yaya zai dafa Littafin Allah a kan hoton da kai ka kai. In ya dafa, kai da shi wa ya yi rantsuwar?”

Ban sha kunun ba. Na nemi izini a lakol na kama hanya.

Wannan wurin nake so 'ya'yan Yaya su ji da kyau, don an gaya muku na bari sai a gaban jama'a na tona wa ubanku asiri. Ba haka aka yi ba. Ran Laraba da azahar na same shi a gona shi kaɗai yana ƙona kara. Muka zauna a gindin gawon da ake rigima a kansa, na buɗe masa littattafan biyu a kan gwiwata, na nuna masa hannun. Ya kalla sau ɗaya ya kau da kai.

“Wa yas san da wanga na biyun?”

“Ni da Rabi.”

“To ka maishe shi inda ka ɗauko shi.”

“Yaya, rantsuwa fa za ka yi.”

“Ni za ni yi ko kai? Sani, ni na aike ka ka kawo takarda? Kai kaz zo da ita da kanka, kas sa ni gaba, gari duk ya ji. Yanzu kuma ka ce in tashi gaban Mamman in ce mi? In ce ƙanena mushe ya yi kuskuren karatu?”

Na ce masa mu je wurin mai gari tare a yau, mu janye maganar a asirce, a ce an sasanta. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

“Na noma ka kai lakol don ka zama garkuwata. In takardarka ta hi ni, Juma'a na nan tahe.”

Juma'a ta zo. Bayan an sauko daga masallaci aka taru a ƙofar mai gari, liman yana gefe da Alƙur'ani a cikin gafaka. Mamman ya zo da ƙannensa biyu, sun zauna can baya-baya, fuskarsu ta nuna sun riga sun fid da rai. Mai gari ya ce a kawo littafi. Na fito da biyu.

Ga laifina, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Abin da ya kamata in yi gajere ne: in ce ranka ya daɗe, ni na kawo shaida, na gano shaidar tawa ta karkace, na janye ta, laifin nawa ne. Da na faɗi haka na zauna, da Yaya ya sami ƙofar fita da mutuncinsa. Amma na taho da madubin Rabi a aljihu. Na miƙe tsaye kamar ina gaban allo, na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ina kara madubin a jikin mai jan bango, ina nuna musu yadda hoton ke komawa daidai a ciki. Na yi bayanin leda, na yi bayanin bugu, har da tambayar “kun gane?” Mutane suka taso suna leƙe, ana dariya ana salati. Na ji daɗin kaina a lokacin, Allah ya gafarta mini. Ban dubi inda Yaya yake zaune ba sai da wani tsoho, wanda ba ya raye yanzu, ya ɗaga murya.

“Nomau, kai da kac ci tuwo akushi guda da tsohonka shekara ashirin, da wane hannu shika ci?”

Yaya ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, “Da dama.” Liman ya mayar da gafakarsa ƙarƙashin hammata. Mai gari ya yanke cewa gawo na gidan Agali ne, a sake shuka gamba ta yammacinsa da ruwan farko. Mamman ya taso zai gaishe da Yaya, Yaya ya riga ya sa takalmi. Kafin magariba yaran gari sun sami sabon suna, suna ce wa gidanmu gidan bahago.

Shekara bakwai Yaya bai yi mini magana ba. Ba mu yi faɗa ba, da ma faɗan aka yi da ya fi sauƙi. In na yi sallama sai ya amsa wa bango. Hatsin da ya saba aiko mini kowace kaka ya daina zuwa, abin da na aika da salla kuma ya dawo a ƙullinsa. Ranar auren Hadiza, ke babbar ɗiyata, shi ya kamata ya ba da ke, sai ya turo maƙwabci. Kin tambaye ni dalili na ce ba shi da lafiya, yau kin ji gaskiya. A cikin shekarun nan biyu daga 'ya'yansa suka bar gari neman abinci, don gonar ba ta isa ba, ɗaya bai dawo da zama ba har yau. Ina sane da wannan, ban kuma taɓa cewa ba ruwana ba. An ce zumunta a ƙafa take, na yi ta zuwa, amma ƙafa ba ta buɗe ƙofar da aka sa wa sakata ta ciki. Akwatin littattafan ma na fi shekara biyu ban buɗe shi ba. Idan abokan aiki suka zo neman shawara sai in ce su tambayi wani.

A shekara ta takwas, bayan na aje aiki na dawo Tibiri da zama, aka aiko cewa Yaya yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya ce in zo. Ɗan saƙon ya ƙara da cewa, “Ya ce ka taho da Baba.” Na ɗauki littattafan biyu na naɗe a zane. Na same shi da hantsi an fito da shi inuwar zaure, ya rame har na ga kamannin Baba a fuskarsa fiye da na cikin hoton. Na gaishe shi, ya amsa, wannan karon ni ya amsa wa. Na kwance zanen, mai jan bango ne a sama.

“Ba wanga ba,” ya ce. “Na daman.”

Na buɗe masa mai ruwan ƙasa na riƙe masa, don hannunsa ba ya iya ɗaukar nauyinsa. Ya kalla ya kalla. Sai ya sa yatsa a kan hoton, a kan akushin da ke gaban Baba.

“Kai mai ilimin hoto, akushin wa na wanga?”

Na duba. Baƙin akushi ne na itace, an ɗaure tsagarsa da ƙarfe a baki. Na ce ban sani ba.

“Na gidan Agali na. Mu ƙwarya muka sha da ita, ba mu taɓa yin akushin Buzaye ba. In Baba ya zamna inuwag ga, matar Agali ka aiko mai da hura, don baƙonsu na. Mai itace shi ka shayar da wanda yaz zamna ƙarƙashinai.” Ya numfasa. “Tun ran da ka fara kawo man jan littahin daga Maraɗi na gane akushin. Ban buƙaci madubi ba.”

Na tambaye shi, to da an miƙo masa Alƙur'ani ranar fa?

“Da na dafa,” ya ce. “Ina kallon iyalina goma sha ɗaya, da na dafa. Yau ga ni kwance ina jiran kira, da da ita za ni tahi. Kai ka hana ni.” Ya rufe ido, na ɗauka barci ya ɗauke shi, sai ya buɗe ɗaya ya dube ni. “Amma madubin nan, Mushe, ba ka kyauta ba.”

Na ce, “Ban kyauta ba, Yaya. Ka yafe mini.”

“Na yahe tun bara. Ina jira in ga ko za ka gane da kanka, sai na ga lokaci na ƙurewa, kai kuwa ba ka da saurin ganewa.”

Muka yi dariya mu biyu har tari ya sarƙe shi. Ya ce in bar littafin a buɗe kusa da shi, na jingina shi da bango inda zai riƙa gani. Bayan kwana tara ya rasu. Mamman ɗan Agali yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Akwatin yana nan a ɗakina kan duwatsunsa huɗu. In na mutu ku raba littattafan yadda kuka ga dama, ku ba lakol na makiyaya da na masu rumbu, sun fi amfani a hannun yara. Wanda duk zai sayi irin littafin nan a cikinku, ya nemi bugu biyu in da hali, ya duba hannayen mutane kafin fuskokinsu, kuma ya nuna wa wadda ba ta yi lakol ba kafin ya buɗe baki a gaban jama'a. Amma mai jan bango da mai ruwan ƙasa kada a raba su, kuma kada kowa ya yar da jan don an ce na ƙarya ne, shi ma Baba ne a ciki. A kai su gidan Yaya, a hannun babban ɗansa za su zauna. Madubin kuwa na mayar wa Rabi tun ranar, ban sake aronsa ba.